Kafin Ruwa Ya Iso: Littafin Aikin Shirin Ambaliya a Garinmu, 2025

Asabar, 12 ga Afrilu

Yau bayan la'asar muka yi zaman farko a zauren Dagaci. Ban da shi, mu goma sha ɗaya ne: masu unguwanni huɗu, Liman, Sarkin Ruwa, shugaban matasa, hedimastan firamare, malamar asibitinmu, wata dattijuwa ungozoma da mata suka turo ta tsaya musu, sai ni da aka ɗora wa riƙe biro da littafi.

Ana tsananin zafin bazara, kogi ya ja baya, wasu ma na ganin mun yi sammakon maganar ruwa. Dalilinmu shi ne 2022. A shekarar nan ambaliya ta ci rayukan mutum fiye da 600 a Najeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, kuma Jigawa na sahun gaba cikin jihohin da suka ji jiki. Mu nan ruwan ya shigo mana da tsakar dare ta unguwar gabas. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne, kwana uku kafin daren, wani direba da ya taso daga Wudil ya faɗa a teburin mai shayi cewa kogi ya cika irin cikar da bai taɓa gani ba. An ji, an yi ta'ajibi, kowa ya shanye shayinsa ya tafi gida. Maganar ba ta kai zauren Dagaci ba, balle ta shiga cikin gidaje wurin mata da tsofaffi.

Na faɗi wannan a zaman, Sarkin Ruwa ya gyara zama ya ce, "Malam, ruwan kogi ba ɓarawo ba ne, da sallama yake zuwa. Mu ne ba mu da mai amsa sallamar."

A kan wannan muka tsayar da aikinmu na bana: kwanakin da ruwa ke yi a hanya kafin ya iso mu, kada su sake tafiya a banza. Hukumar NIHSA mai lura da koguna ta fitar da hasashen ambaliyar bana cikin makon nan, Jigawa na cikin jihohin da ta ce suna cikin babban haɗari. An karanta, an fassara, an yi addu'a aka tashi.

Asabar, 19 ga Afrilu

Mun bi jinga, wato tudun ƙasar da ke tare mana ruwan kogi, da ƙafa tun daga mashaya har ƙarshen gonakin unguwar gabas. Wurare biyar muka sa wa alama. Biyu shanu ne suka zaizaye su wurin gangarawa shan ruwa, ɗaya masu yin tubali sun yanki ƙasa a gindinsa, biyu kuma ramukan gafiya ne da gidan gara. Ramin gafiya shi ya fi ba ni tsoro, domin daga waje jinga lafiya lau take, ruwa kuwa ta ciki yake bi, yana cin ƙasa a hankali har ya huda.

Daga kan jinga idan ka duba, kachala ce, doguwar ciyawar nan mai fitowa cikin ruwa, iyakar ganinka. Matasan da ke tare da mu sun taso sun gan ta, suna zaton haka kogin yake tun fil'azal. Sarkin Ruwa ya zaunar da su a inuwar giginya ya ba su tarihi, ni kuma na ƙara da abin da na karanta. Kogin Kano da na Challawa ne suke haɗuwa su zama kogin Hadejia, ya biyo ta Wudil da Ringim ya gangaro mana, ya wuce fadamun Hadejia da Nguru, ya shiga Komadugu Yobe har Tafkin Chadi. A da, damina ta cika shi, rani ya busar da shi, ciyawar da ta fito a hanyarsa ta mutu. Da aka gina dam ɗin Tiga a 1974, sannan na Challawa a 1992, sai aka riƙa sako ruwa rani da damina saboda noman rani da ruwan sha. An amfana, babu mai musu, mu kanmu muna noman alkama da shinkafar rani da wannan ruwa. Amma hanyoyin ruwa suka daina bushewa, kachala ta sami wurin zama, tana tare yashi da laka, ƙasan kogi na tasowa. Idan ruwa ya zo da ƙarfi ya tarar hanyarsa a toshe, dole ya nemi wata, kuma gonakinmu da gidajenmu ne a kusa. Ga tsuntsayen jan-baki da suke kwana a cikinta su wayi gari a kan shinkafar mutane.

Kachalar babban kogi ta fi ƙarfin lauje da adda, aikin injin yasa ne da Hukumar Raya Kogunan Hadejia da Jama'are da gwamnatin jiha. Wadda ke bakin ƙoramar da ta zagaye garinmu dai tamu ce, za mu shiga mu yanke ta tun ruwa bai taso ba.

Asabar, 3 ga Mayu

Wannan makon aikin jerin sunaye muka yi, kuma a ganina duk aikin kwamitin babu wanda ya kai shi muhimmanci, duk da ba shi da abin nunawa kamar jinga.

Tambayar ɗaya ce a kowane gida: idan aka ce a tashi yanzu cikin dare, waye ba zai iya fita da ƙafarsa ba? Mu maza mun tsaya a zaure, masu gida suka ba mu amsa, muka rubuta. Da yamma ungozoma ta karɓi takardar, aka karanta mata, ta girgiza kai. Ta ce mini, "Ɗana, rabin mutanen ba sa cikin takardar nan." Washegari ita da malaman Islamiyya mata biyu suka shiga gida-gida. Jerin ya tashi daga mutum 23 zuwa 58. Akwai masu cikin da zai kai wata tara a Agusta ko Satumba, waɗanda mazansu ba za su faɗa wa baƙo a zaure ba. Akwai mai shanyewar ɓarin jiki da aka shekara biyu ba a gan ta a waje ba. Akwai yaro mai farfaɗiya, da kurame biyu da ko lasifika ta tsage ba za su ji ba, da matan da mazansu ke tafiya ci-rani ba su cika dawowa da wuri ba. Akwai kuma almajiran tsangaya ƙanana da ke kwana a wani soro a kwari, waɗanda babu gidan da ya lissafa su domin ba 'ya'yan kowa ba ne a garin.

Gaban kowane suna mun bar gurbi biyu: wanda zai ɗauke shi, da wanda zai maye gurbin mai ɗaukar idan ba ya nan. Ba mu yarda a rubuta "matasa" ko "maƙwabta" ba. Sai sunan mutum guda, kuma sai an same shi ya amsa da bakinsa. Na ga yadda fuskar saurayi ke canzawa idan aka ce masa, "Tsohuwar gidan wane a wuyanka take." Wasa ke fita daga idonsa.

Takardar sirrin mutane ce. Kwafi uku kawai muka yi: na Dagaci, na malamar asibiti, da nawa.

Asabar, 17 ga Mayu

Gayya ta biyu a kan jinga. An cike wurare uku, an daɓe, an dasa ciyawa a bayansu. Ramukan gafiya sai da aka tone su har ƙarshe sannan aka cusa yumɓu. Dagaci ya hana yankar ƙasa a gindin jinga, an nuna wa masu tubali wani wuri.

Kuɗi: kowane gida ya kawo abin da ya sawwaƙa, wasu kuɗi, wasu mudun gero, wasu tsofaffin buhunan taki. Liman ya ce a riƙa karanta abin da ya shiga da abin da ya fita bayan sallar Juma'a, kuma na ga amfanin haka, domin bayan karatun farko gudummawa ta ƙaru. Takardar neman buhuna da rigunan ruwa da muka kai wani ofishi tun Afrilu har yau shiru. Na koma sau biyu. Zan sake komawa, amma mun daina lissafi da ita.

Asabar, 31 ga Mayu

Labarin Mokwa a jihar Neja ya girgiza kowa. Ranar Alhamis da asuba ruwa ya afka wa unguwanni mutane na barci, an tabbatar da rasuwar fiye da mutum 150, ana ta neman wasu. Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙuri. Bara ma a Satumba dam ɗin Alau ya ɓalle cikin dare ya mamaye Maiduguri, shekara 30 bayan irin haka ta faru a 1994.

Zaman yau ya cika har waje, har da waɗanda suka ce mun yi sammako. Wani dattijo ya ce abin da Allah ya ƙaddara babu jingar da za ta tare shi. Ban ji daɗin yadda wasu matasa suka so yi masa ca ba, domin gaskiya ya faɗa, kuma ya rasa jika a 2022. Liman ne ya amsa masa cikin natsuwa da hadisin mutumin da ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya yi tawakkali, aka ce masa ya ɗaure sannan ya yi tawakkali. Dattijon ya yi shiru, can ya ce a sa amalankensa da shanunsa cikin na kwashe mutane.

Na ja hankalin mutane kan bambanci guda. Ruwan Mokwa na saman da ya sauka kamar da bakin ƙwarya ne, bai ba da sa'o'i ba. Namu na kogi yakan ba da kwanaki. Wanda aka ba kwanaki bai da uzurin wanda ba a ba ko sa'a ɗaya ba.

Asabar, 14 ga Yuni

An dawo daga hidimar babbar sallah. Mun kafa turken awo a mashaya: ƙarfen rodi mai kauri cikin siminti, an shafa masa fenti kala uku. Kore a ƙasa, ruwan ɗorawa a tsakiya, ja a sama. Ba da ka muka sa iyakokin ba. Sarkin Ruwa ya nuna mana tabon da ruwan 2022 ya bari a jikin kuka da bangon masallacin gabas, muka ɗauko tsayin da tiyo mai ruwa a ciki irin na magina. Ja yana farawa kamu biyu ƙasa da bakin jinga a wurin da ta fi gajarta.

Abin da aka amince: ruwa na kore, a duba sau ɗaya a rana. Ya taɓa ruwan ɗorawa, a duba safe da yamma da tsakar dare, a kwashe hatsi da dabbobi zuwa tudu, kowane gida ya ɗaure takardunsa a leda, wato katin zaɓe, takardar haihuwa, takardun gona da na makaranta, da maganin masu shan magani kullum. Ya taɓa ja, a fitar da mutanen jerin sunaye da rana tsaka, ba a jira dare.

An daɗe ana jayayya kan wanda zai ba da umarnin tashi. A 2022 kowa jiran kowa ya yi. Yanzu an tsayar: Dagaci ne, idan ba ya gari Sarkin Ruwa da mai unguwar gabas su biyu sun isa, kuma babu wanda zai zarge su idan aka tashi ruwa bai shigo ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe ni na nace a rubuta shi. Mutumin da ke tsoron a yi masa dariya gobe ba zai buga ƙararrawa yau ba.

Sai sarƙar waya. Sarkin Ruwa na da abokan sana'a a Wudil da Ringim, sun yarda su riƙa kiransa idan kogi ya canza. Direbobin tasha biyu masu zuwa Kano sun ɗauki alkawarin leƙa ruwa a gada su faɗa wa sakataren kwamiti, ba teburin shayi kaɗai ba. Hedimasta zai riƙa sauraron sanarwar hukumar hasashen yanayi NiMet da hukumar agajin gaggawa NEMA a rediyo yana rubutawa, musamman idan an ce za a saki ruwan dam.

Lahadi, 6 ga Yuli

Jiya muka yi atisayen farko, kuma ya tona mana asirai da yawa.

Laifi na farko namu ne, ni musamman da ke riƙe da sanarwa. An yi shela a masallatai da kasuwa cewa gwaji ne, amma ba a shiga gidaje ba. Da aka buga kuge aka kunna lasifika, wata mai jego a unguwar gabas ta ɗauka gaske ne, ta fito da gudu da jariri ta faɗi a ƙofar gida. Allah ya tsare, gurjewa ce kawai. Na je da kaina tare da ungozoma na ba ta haƙuri, na ba mijinta. Kuskuren da muka taru don gyarawa shi muka maimaita: magana ta tsaya wurin maza.

Na biyu, lasifikar babban masallaci ba ta kaiwa ƙarshen unguwar gabas idan iska na kaɗawa yamma, kuma batirinta ya mutu cikin minti goma. Za a sayi wani batir a ajiye shi don wannan kaɗai. An raba usur ga matasa takwas, kuma an tsayar da bugun kuge na musamman, uku-uku ba tsayawa, wanda ba a yi don gayya ko taro. Kuramen nan biyu kuwa sai masu ɗaukarsu sun shiga har ɗaki.

Na uku, hanyar da muka zaɓa zuwa firamare ta bi ta kwalbatin da ruwa ke fara shanyewa. Yaran makaranta ne suka nuna mana haka, su da ke bin ta kullum da damina. An sauya zuwa ta bayan maƙabarta, ta fi nisa amma tudu ce duka.

Daga bugun kuge zuwa isowar mutum na ƙarshe na jerin sunaye, awa ɗaya da minti arba'in, da rana, ƙasa a bushe. Mutum shida ba a je ɗaukarsu ba sam domin masu ɗaukar suna gona, na biyunsu ma suna gona. Dole wanda zai maye gurbi ya zama mai sana'ar cikin gari: tela, mai shago, mai faci.

Asabar, 19 ga Yuli

Malamar asibiti ta yi kwana biyu tana koyar da mata ashirin da matasa goma a firamare. Na zauna a baya na rubuta.

Ta ce bayan ruwa ya janye ne ake fara wata ambaliyar, ta amai da gudawa, domin ruwa ya haɗa masai da rijiya. Kowa ya haɗa ruwan gishiri da sukari da hannunsa a gabanta: lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wanda ya wuce kwana ɗaya a zubar a haɗa sabo. A fara bai wa mai gudawa tun a gida ana hanyar asibiti, mai shayarwa kuma kada ta daina ba da nono.

Saran maciji ya ɗauki lokaci, domin ruwa na koro macizai zuwa tudun da mutane ke gudu, kuma nan al'ada ta yi ƙarfi. Ta hana ɗaure wurin tamau, ta hana tsagawa da tsotsa. A cire zobe ko awarwaro, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum kada ya taka, a kai shi inda ake da allurar dafi. Wani ya ce kakansa da tsaga yake warkar da mutane. Ta ce masa dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi, wanda aka tsaga wa jiki jini zai yi ta zuba. Bai sake magana ba.

Ta kawo maganar Majiya ta ƙaramar hukumar Taura, inda tankar mai ta kama da wuta a Oktoban bara ta hallaka fiye da mutum 150. Ba ruwa ba ne, amma darasin ɗaya ne: mintocin farko na hannun wanda ke wurin. Ƙuna a zuba mata ruwa mai tsabta mai sanyi na minti 20, ba ƙwai ba, ba man goge baki ba. Daga nan aka rubuta sunayen masu mota da Keke Napep uku da suka yarda a tashe su kowane lokaci, kwamiti zai biya mai. An kuma rubuta lambar gaggawa ta ƙasa, 112, a bangon makaranta, duk da sabis a garinmu sai an hau tudu.

An ɗaga bakin rijiyoyi biyu na tudu da bulo, an yi musu murfi. Masai huɗu na makaranta an gyara, biyu na mata, nesa da rijiya.

Asabar, 9 ga Agusta

Marka ta kama, kwana huɗu ba mu ga rana sosai ba. Katangu uku sun faɗi a unguwar yamma, inda kogi ba ya zuwa ko kusa. Babu wanda ya ji rauni. Wannan ya tuna mana gidan ƙasa ba ya buƙatar ambaliya kafin ya kashe mutum: gindin bango ya jiƙe, indararo ya toshe, soro ya sha ruwa ya yi nauyi. Masu unguwanni sun zagaya da magini guda, an sa alama a ɗakuna goma sha ɗaya da ba za a kwana a ciki ba. Gidaje biyu sun ƙi fita, sun ce ina za su. Tambaya ce mai kyau kuma ba mu tanadi amsarta ba. An buɗe musu aji ɗaya tunda ana hutu.

Turke yana kore, saura kaɗan.

Alhamis, 28 ga Agusta

Ruwa ya taɓa ruwan ɗorawa a turke tun jiya da yamma. An kira daga Ringim. An fara kwashe hatsi. Masu dabbobi sun ƙi kai su tudu sai da 'yan sintiri suka yi alkawarin kwana a wurin. Tsoron ɓarawo na hana mutane tashi fiye da taurin kai, ban fahimci haka sosai ba sai bana.

Sarkin Ruwa ya kafa wa masu kwale-kwale doka: babu fito bayan magariba, babu lodin da ya wuce alamar da ya zana a jikin kowane jirgi. Kifewar kwale-kwale na cikin abin da ke cin rayuka a yankin nan duk lokacin cikar kogi. Rigunan ruwa shida kawai muka iya saya, an ce yara ne farko.

Talata, 9 ga Satumba

Sai yau na sami zama in rubuta.

Ranar Juma'a da hantsi aka kira Sarkin Ruwa daga Wudil cewa ruwa ya ƙaru sosai cikin dare. Asabar aka kira daga Ringim. Lahadi da safe turkenmu saura ɗan yatsa huɗu ya taɓa ja. Dagaci ya tara mu a mashaya, ya dubi turken ya dubi Sarkin Ruwa. Sarkin Ruwa ya ce, "Ranka ya daɗe, wanda ke tafe ya fi wanda ke nan." Dagaci ya ce a buga, ba sai ya taɓa ba.

An buga kuge bayan azahar, rana na sama, ƙasa ana iya takawa. Matan da aka horar sun riga sun shiga gidaje tun safe, don haka babu gudu babu kururuwa. Kafin la'asar mutum 55 cikin 58 suna makaranta. Biyu sun yi tafiya wurin dangi tun makon jiya. Na ƙarshe wani tsoho ne makaho da ya ce a ɗakin nan aka haife shi. Saurayin da aka ɗora wa shi ya zauna a ƙofar ɗakin ya ce, "Baba, idan ba ka tashi ba ni ma nan zan kwana, don sunanka a hannuna yake." Bayan magariba sai ga su a amalanken dattijon nan na zaman Mayu. Almajirai malaminsu ya kawo su da kansa, ya ƙirga su a gabana.

Da misalin ƙarfe biyun dare masu gadin jinga suka ga ruwa na tsatsafowa ta bayanta, kuma mai laka ne. An koya musu cewa tsatsafar ruwa garau da sauƙi, mai laka kuwa na nufin jinga ce ke narkewa ta ciki. Wurin ba ya cikin biyar da muka gyara, ramin da ya ɓoye mana ne. Usur ya tashi, maza suka fito da fitilun waya da tocila, aka kewaye wurin da buhunan yashi, aka ƙara wasu ta fuskar kogi. Buhunanmu suka ƙare kafin asuba, mata suka zazzage hatsi a tabarmi a cikin aji suka aiko da buhunan. Jinga ta tsaya.

Gonakin shinkafa na bayan jinga, ta wajen kogi, sun tafi. Har da tawa. Ruwa ya kuma zagayo ta ƙorama ya shiga gidaje bakwai na ƙarshen unguwar gabas har gwiwa, ɗakuna huɗu sun zube. Babu kowa a cikinsu. Ɗaya daga cikin ɗakunan na mai shanyewar ɓarin jikin nan ne da ba ta cikin jerinmu na farko.

Litinin da dare wata daga cikin masu ciki ta haihu a ofishin hedimasta, ungozoma da malamar asibiti na kanta. Mace aka samu.

Asabar, 4 ga Oktoba

Ruwa ya koma kore tun makon jiya. An sami masu gudawa tara, duk an fara musu ruwan gishiri da sukari a gida, biyu aka kai babban asibiti, sun dawo. Saran maciji ɗaya, an kai shi da Keke Napep cikin dare ba a tsaga ba, yana samun sauƙi.

Zaman yau na duba kura-kurai ne. Makaranta ta koma aiki alhali iyalai biyar na cikin azuzuwa, yara suka yi mako biyu suna karatu a gindin bishiya. Ba mu yi tanadin abinci ba ko kaɗan, maƙwabtan tudu ne suka ciyar da mutane daga tukunyarsu. Ba mu sa rugar Fulani da ke hayin ƙorama cikin sarƙar waya ba, da idonsu suka ga ruwa suka tashi, kuma wannan abin kunya ne a gare mu. Ardo zai shiga kwamiti daga zama mai zuwa. Takardarmu ta Afrilu har yau ba amsa. Za a rubuta sabuwa, a haɗa da lissafin gidaje da gonakin da suka lalace, Dagaci ya kai ta hannun Hakimi.

An amince kowane gida ya ba da mudu biyu idan an yi girbin gero da dawa, a ajiye a rumbun kwamiti a tudu. Waɗanda shinkafarsu ta nutse an yafe musu, kuma za a nema musu irin alkama da na kayan lambu don noman rani a ƙasar da ruwa ya bari da danshi. Gidaje bakwai na ƙarshen gabas, huɗu sun yarda su koma tudu idan an ba su fili, uku suna shawara.

Gayyar toshe ramin da ya tsatsafo: Asabar 18 ga wata, bayan sallar asuba. Sabunta jerin sunaye: Janairu, kuma ungozoma ta ce wannan karon mata ne za su fara shiga, mu biyo baya da biro.